Shekarar da Fitilar Taya Ta Yi Mini Ƙarya

Ku da kuke zuwa kuna tsayawa a bakin rumfata kuna cewa, "Inna, ai faci ba wani abu ba ne, hura iska ce kawai da liƙa roba," ku sami wuri ku zauna. Ga tsofaffin tayoyi nan, ba sa cizo. Sunana Talatu. A Fadaman Mada kowa ya san ni da Inna Talatu mai faci, kuma in kun taɓa jin an ce akwai wata mace a Bauchi da ta tsufa da liba a hannu, to ni ce, ba wata ba. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Wannan ma da baki nake faɗa ana rubutawa, na kuma ce kada a gyara mini magana.

Sana'ar ta mijina ce, Malam Audu, Allah Ya jiƙansa. Lokacin da ciwon baya ya kama shi har ya kasa sunkuyawa, 'ya'yanmu duk ƙanana ne, babu mai iya ɗaga mota da jak. Da farko abinci kawai nake kawo masa rumfa, sai ya ce miƙo mini wannan, riƙe mini wancan. Daga riƙewa sai dannawa, daga dannawa sai ga ni na ci ɗamara da gyale, ina taka taya da ƙafa ina zura liba, wato ƙarfen nan mai faɗin baki da ake ɓanɓare taya daga jikin rim. Shi yana kan benci da sanda yana nuna mini. Danginsa sun yi surutu, nawa ma sun yi. Malam Audu ya ce duk wanda abin ya dama ya zo ya karɓi libar. Har ya rasu ba wanda ya zo.

Shekara biyu cur bai bar ni na liƙa faci ko ɗaya ba. Aikina neman huji ne. Kun ga rabin duron can mai ruwa? Shi ne makarantata. In nutsa tif, wato robar ciki mai riƙe iska, a hankali, ina juyawa, ina neman kumfa. Kumfar ƙusa babba ce, kowa zai gan ta. Amma akwai wadda take fitowa ɗaya bayan ɗaya, ƙarama kamar ƙwayar gero, sai ka bar ruwan ya kwanta, ka riƙe numfashinka, kafin ta nuna kanta. Bayan ruwa sai yawu. A ɗiga shi a bakin bawul, ɗan hancin nan da ake hura iska ta cikinsa. In yawun ya kumburo, to ba ruwan taya, bawul ne ke zuba. Bayan yawu kuma sai kunne. Ka doki taya da liba ka saurara. Mai iska daidai tana amsawa da murya cikakkiya, kamar ka doki tulu mai ruwa. Mai yunwar iska tana cewa fuf, ta haɗiye dukan. Wadda aka cika wa iska fiye da ƙima kuwa ƙara take yi siririya, liba ya yi tsalle ya dawo maka a hannu.

Daga ƙarshe sai geji, ma'aunin iskar taya. Gejin Malam Audu tsoho ne, na ƙarfe, mai allura a bayan gilashi. Da ya ga ban san lamba ba, sai ya ɗauki ƙusa ya karce gilashin a wuri biyu, ɗaya na ƙananan motoci, ɗaya na masu ɗaukar kaya. Daga baya na san lambobin kamar yadda na san fuskokin maƙwabtana, amma har gobe karcen nake fara dubawa. Gejin nan bai taɓa kwana a wajen rumfa ko ɗakina ba. Sau ɗaya tak ya bar gari, zan kuwa zo kan wannan.

Akwai wata al'ada da ya bar mini. Duk tayar da muka yi wa faci, sai mu ɗiga mata farin fenti, ɗigo uku, a kusa da bawul. Ya ce mai yin aiki a ɓoye shi ke gudun alama. In facin ya zuba, kowa ya san na waye, a kawo mana. In bai zuba ba, nan ma kowa ya san na waye. Shekara da shekaru direbobin tasi da 'yan keke mai ƙafa uku suna cewa a tasha, "In ka ga ɗigo uku, shiga Jos da ita ido rufe." Ba ni da allo mai rubutu a bakin rumfa kamar na wasu. Ɗigon nan uku su ne sunana.

Da tayoyi marasa tif suka cika gari, waɗanda ake kira tubles, na koyi nasu aikin ba wahala. Sannan motocin Kwatano suka yi yawa, waɗanda aka gama hawa a wata ƙasa kafin a kawo mana. A cikin wasu daga cikinsu, in ka ɓanɓare taya, sai ka ga wani ɗan baƙin abu kamar akwatin ashana manne a bayan bawul, ta ciki. Na zaci ƙarin ƙarfi ne aka yi wa bawul. Ina kauce masa dai da liba, ban tambayi kowa ba. Wata rana ma na fasa guda a motar wani malamin jami'a daga Yelwa, Malam Haruna. Na sa masa bawul na roba irin wanda muka saba, na gwada da yawu bai zuba ba, na jefa fasasshen a gwangwanin ƙusoshi, na manta. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Shekarar da nake so in ba ku labari ta fara ne da ƙusa ɗaya. Sista Rahila ce ta kawo ta. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a cikin gari, mutuniyar Bogoro, kuma kusan duk ƙarshen wata takan tuƙa kanta zuwa gida duba tsohuwarta. Motarta 'yar Kwatano ce, toka-toka, ta kwana biyu. Ƙusar tana tayar baya, gefen direba, ta shiga tsaye a tsakiyar tafin taya, wurin da ya fi ko'ina sauƙin faci. Na cire tayar, na ɓanɓare, na goge cikin har ya yi kaushi, na shafa sholisho, wato gam ɗin faci, na jira ya sha iska ya daina kama yatsa, na liƙa, na murje. Na mayar, na hura zuwa kan karce, na nutsa a duro. Ruwa shiru. Na ɗiga fenti uku. Aikin da in an tashe ni daga barci zan yi shi.

Kwana biyu sai ga ta.

"Mama, facin nan yana zuba."

"Wa ya ce?"

"Mota ce ta ce. Fitilar taya ta kama."

Na ce, "Yanzu mota har magana take yi?" Na leƙa ta taga, motar tana kunne. Can a allon gaban direba ga wata 'yar fitila ruwan ɗorawa, siffarta kamar tukunya mai buɗaɗɗen baki da muciya a tsaye a ciki. Sista ta ce duk sa'ad da iska ta ragu a taya, ita ke kamawa. Ban yi gardama ba. Na ɗora geji, allura tana kan karce daidai inda na bar ta. Na cire tayar na nutsa, na riƙe numfashi har kaina ya yi nauyi, ko ƙwayar gero. Na bi sauran ukun da geji da yawu. Lafiya lau. Na ce, "Sista, tayarki ƙalau take." Ta tafi. Washegari wai fitilar ta mutu da kanta. Bayan kwana uku ta sake kamawa a hanyar Dass, Sista ta tsaya a gefen titi cikin rana tana zagaya mota tana danna tayoyi da yatsa.

Zuwa na uku ba ta gaishe ni ba. Akwai 'yan keke kusan shida a inuwar rumfata suna jiran iska, a gabansu ta ce, "Mama, ni ban san aikin taya ba, amma tun da kika taɓa motar nan ban huta ba. In ido ya fara rauni ba abin kunya ba ne. Mu ma a asibiti muna ganin irin haka."

Na ce, "Idona yana zura zare a allura."

Ta ce, "To amma ba ya ganin huji." Ta shiga mota ta ja.

Da ita kaɗai ce da sauƙi. A cikin watannin nan motoci uku ko huɗu suka zo da wannan magana, duk 'yan Kwatano, duk sa'o'in juna a tsufa, kuma biyu daga ciki suna ɗauke da ɗigona. Malam Haruna na Yelwa ma ya ce ai shi tun bara tasa fitilar take kunne, tun ranar da tsohuwar nan ta buɗe masa taya. Magana ta shiga tasha. Wai hannun Inna ya mutu. Wai yanzu ɗigo uku alamar ka nemi safaya ce. Mutanen da na yi wa faci tun suna tuƙa acaɓa suka fara wuce ni suna ɗaga hannu daga nesa. Akwai ranar da na buɗe rumfa tun hantsi har la'asar, ban taɓa komai ba sai tayar baro.

Inda suke zuwa kuwa ba nisa, tsallaken titi ne. Ɗanlami ya buɗe wurinsa a can, magidanci ne mai mata da 'ya'ya, da sabon injin iska mai ƙara kamar jirgi. Ba mugu ba ne, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Maganinsa na fitilar nan guda ɗaya ne. Tun da an ce iska ce ta yi kaɗan, to a ƙara. In ba ta mutu ba, a sake ƙarawa. Ita kuwa fitilar dama takan kama ta saki don kanta, to in aka yi sa'a ta saki bayan ya hura, sai a ce Ɗanlami ya iya. In ta ƙi, sai ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta, ya ce, "Abin da ba ka gani ba, ba ya damunka." Da safe in ina shara sai ya ɗago murya, "Inna, ko in aiko miki da tabarau?" In ce, "Aiko, in duba in ga ko kana da geji."

A sana'armu akwai abin da ba a yi. Mai faci ba ya tsallaka zuwa rumfar ɗan'uwansa alhali akwai mai mota a tsaye. Ko ka ga yana ɗaura taya a juye, ka yi shiru sai mai motar ya tafi. Malam Audu bai taɓa karya wannan ba, ni ma haka, sai ranar Alhamis ɗin kafin Ista.

Tsakiyar bazara ce, wajen ƙarfe sha ɗaya, kwalta har tana kama takalmi. Na ga motar Sista Rahila ta tsaya a wurin Ɗanlami, an cika bayanta da buhunan shinkafa da jarkokin mai har ta zauna, ga ƙanwarta a gaba, ga surukarta a baya. Gida za su. Injinsa ya yi ta kuka, ya yi ta kuka. Sannan ya ɗauki ƙarfe ya doki tayar baya don burga. Daga inda nake zaune, duk da hayaniyar titi, na ji ƙarar. Siririya ce kamar an doki faranti. Tayoyin motar nan na san su, na riƙe su a hannuna, tsofaffi ne, gefensu duk ya yi tsaga-tsaga kamar dunduniyar manomi. Ga lodi, ga zafi, ga gudu a hanyar Dass.

Na ɗauki gejin Malam Audu da wuƙar goge roba na tsallaka.

Ɗanlami ya ce, "A'a! Inna, lafiya? Yau kuma a nan?"

Ban kula shi ba. Na durƙusa na ɗora geji a tayar baya. Allura ta wuce karcen ƙananan motoci, ta wuce na masu kaya, ta haura hamsin. Na nuna wa Sista. Na ce, "Kin ga inda ya kamata ta tsaya, kin ga inda take. Wannan tayar ba za ta ga Tafawa Ɓalewa ba."

"Mama, don Allah muna sauri. Kin yi naki bai yi ba, ki bar shi ya yi nasa."

Ɗanlami ya ce, "Ku gane mini tsohuwa! A rumfata? A gaban mai motata? Haka mijinki ya koya miki?"

Na ce, "Ɗan nan, rumfarka ce, ban musa ba. Amma duba nan." Na nuna masa ɗigo ukun. "Wannan tayar sunana ne a jikinta. In ta fashe a hanya, ba wanda zai ce iskar Ɗanlami ce, ɗigon Talatu za a gani a cikin ciyawa. Sista, zaɓi ɗaya. Ko ki bar ni in rage iskar nan, ko in kankare alamata yanzu a gaban kowa, ki tafi da tayar da ba tawa ba."

Na ɗora wuƙar a kan fentin. Mutane sun riga sun taru, masu rake, 'yan keke, mai shayi. Surukar da ke baya ta leƙo ta ce, "Rahila, matar nan fa ba wasa take yi ba."

Sista ta dube ni ta ce, "To, ki rage. Amma da sharaɗi. Ki shiga motar nan mu tafi tare, ki ga fitilar da idonki. Kullum kina ƙasa kina duba ruwa, ita kuma tana sama tana kamawa."

Gaskiya ta faɗa. Shekarun nan duka a gindin mota nake, ban taɓa zama a gaban motar mai kawo aiki ba, don ba a yi, kaya duk baƙin mai. Na rage tayoyin huɗu zuwa kan karce, aka sauke ƙanwar da surukar a bencina, na shimfiɗa buhun siminti a kujera na zauna. Na sa farce na ɓare salatif ɗin da Ɗanlami ya liƙa a kan fitilar. Fitilar a mace take. Muka tashi.

Muka ratsa gari, ba komai. Muka ɗauki hanyar Yelwa, ba komai. Sista ta ce, "Yau don kin shigo take jin kunya." Muna wuce ƙofar jami'a sai ga ta. Amma ba kamawa ta yi kai tsaye ba. Ƙiftawa take yi, ta kama ta saki, ta kama ta saki. Ba ni da agogo, sai na fara karanta Fatiha a natse. Na karanta sau uku, ina cikin amin na uku ta daina ƙiftawa ta tsaya cak.

Sista ta ce, "Mama, addu'a kike yi mata?"

Na ce, "Awo nake yi. Kullum haka take, sai ta ƙifta kafin ta tsaya?"

"Kullum. Ai na zaci haka ake yin su."

Na sa ta tsaya, na fita na auna tayoyin huɗu a gefen titi. Sun ɗan hau kaɗan saboda zafi, duk daidai da juna, babu wadda ta yi ƙasa. Na ce, "Abin da yake da tabbacin maganarsa ba ya in-ina. Wannan fitilar ba kukan taya take yi ba, nata ciwon take faɗa. Kai mu wurin Bala."

Bala mai wayarin ne, wato gyaran lantarkin mota, yana layin bakanikai, na san shi tun yana koyon aiki. Da na kwatanta masa ƙiftawar sai ya yi dariya, ya ce, "Inna, wa ya gaya miki? Wasu masu takarda ma ba su lura da wannan ba." Ya ce in ta kama kai tsaye ba ƙiftawa, to da gaske iska ta ragu. In ta yi ta ƙiftawa sannan ta tsaya, to mota ce ke cewa ta daina jin muryar ɗaya daga cikin 'yan aikenta. 'Yan aiken su ne baƙaƙen abubuwan nan na bayan bawul, sensa ake kiransu. Kowanne yana auna iska yana aika wa mota labari, kuma da ɗan batir yake aiki, an rufe shi a ciki ruf, ba a canzawa. Shekaru in sun yi yawa sai batirin ya fara suma yana farfaɗowa, daga nan ya mutu. Motocin nan kuwa da tsufansu suka zo mana, shi ya sa sa'o'in juna suka fara ciwon a shekara guda.

Ya ɗauko wani ɗan inji kamar wayar hannu, ya bi tayoyin yana karawa a kusa da bawul. Ya fara da tawa, ta baya gefen direba, mai ɗigo uku. Inji ya ce ƙit. Ya ce, "Wannan da ransa." Ta gaba gefen direba, ƙit. Ɗaya ta bayan, ƙit. Ya zo ta gaba gefen fasinja, ya kara, shiru. Ya sake karawa, shiru. Tayar da ban taɓa ko kwance ta ba.

Sista ta dafe baki. Ta ce, "Mama, na yi miki laifi. Ki yafe mini."

Na ce, "Ba a nan kika faɗa ba. A rumfata kika faɗa, a gaban 'yan keke. A can za ki janye."

Bala ba shi da sabon sensa, sai an aiko daga Jos bayan biki. Ya kuma ja mata kunne cewa muddin fitilar tana kunne saboda nata ciwon, ko taya ta sace da gaske ba ta da wata hanyar faɗa mata. Da muka koma rumfa na daɗe ina juya gejin Malam Audu a hannu. Sannan na durƙusar da Sista, da fararen takalmanta, na koya mata yadda ake danna shi a bawul ba tare da iska ta tsere ba, na nuna mata karcen. Na ce, "Kowace safiya kafin rana ta taɓa taya, duka huɗun. Kuma in kika yar mini da shi, kada ki dawo Bauchi."

Bayan sun tafi na zazzage gwangwanin ƙusoshi. Ga shi nan a ƙasa, fasasshe, ya yi tsatsa. Washegari na hau keke har Yelwa na nemi Malam Haruna. Na ɗora masa shi a tafin hannu na ce, "Malam, facina bai zuba ba, amma fitilarka ni na kunna ta. Wannan na motarka ne, ni na fasa shi da liba, ban san amfaninsa ba." Ya yi ta kallona, ya ce shekara guda yana zagina a kan abin da ba shi ba, ashe zagin dai ya sami mai shi. Na ce haka ne. Na sa Bala ya nemo masa wani, na ɗaura da hannuna. Tun daga ranar ba na zura liba sai na ga inda bawul yake, in fara daga nesa da shi. Ku ma in kun zo koyo, abin da zan fara duka a hannunku ke nan.

Ranar Laraba bayan Ista, da hantsi, rumfata da 'yan keke uku da mai shayi, sai ga mota toka-toka ta tsaya a gefena na titi. Sista Rahila ta fito da gejin a naɗe cikin farin ƙyalle, da ƙullin gyaɗa daga tsohuwarta. Ba ta ba ni ba tukuna. Ta tsaya a tsakiyar rumfa ta ɗaga murya yadda na tsallake ma zai ji. Ta ce, "Jama'a, a nan na ce idon Mama ya mutu, a nan kuma nake cewa ƙarya na yi. Na je Bogoro na dawo da lodi, kullum ina aunawa, tayar da ta yi wa faci ko numfashi ba ta rage ba. Sensa ne ya mutu, a wata tayar ma daban."

Wani ɗan keke ya ce, "Mu dama ba mu yarda ba."

Na ce, "Kai, rufe mini baki, wata biyu kana shan iska a tsallake."

Da sensan ya iso na buɗe tayar gaba na ɗaura, Bala ya gabatar da shi ga motar da injinsa, fitila ta mutu. Sista ta ce in ɗiga mata fenti a dukan tayoyin. Na ce a'a, ɗigo na faci ne, kuma faci ɗaya na yi. Sai dai na ɗauko fenti na sabunta wancan, don bakin wuƙata ya ɗan ci ɗaya daga cikin ukun.

Da yamma ina tattara kaya sai ga Ɗanlami ya tsallako, ya duba hagu da dama ya tabbatar ba mai mota. Ya zauna a kan taya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Inna, wai ƙiftawar nan, tsawon yaya take yi?"

Na ce, "Ka iya Fatiha?"

Ya ce, "Haba, Inna!"

Na ce, "To sau uku, ba da irin saurin da kake hura iska ba. Kuma ka je ka sayi geji."

Ya saya. Mutane suka dawo, ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan. Yanzu duk wanda ya zo mini da maganar fitila, kafin in taɓa jak sai na tambaye shi, ƙiftawa ta yi ko kamawa? Ko me ya ce, sai na ɗora geji, sai na nutsa a duro, don fitila mai ƙarya ba ta hana ƙusa shiga taya.

Tayar nan ta Sista ta ƙara shekara biyu tana zuwa Bogoro tana dawowa, har ta cinye tafinta ya yi sumul, facin bai motsa ba. Da ta canza sabuwa na ce ta bar mini tsohuwar. Kai mai jar hula, da ka ce faci hura iska ne kawai, a kanta kake zaune tun ɗazu. Tashi ka juya ta, ka ƙirga mini ɗigon.